A Jira Sannu

Shekara bakwai da yin ritayarta, babu wanda ya sake kiranta Waƙafi sai ranar da wayar nan ta shigo. A gida Mama ce, a bakin jikoki Kaka, maƙwabta kuwa sun san ta da matar da ta yi aiki a gidan ruwa. Tana tsakar gida da hantsi tana sauya wa wata shuka tukunya, hannunta duk ƙasa, jikarta ta kara mata wayar a kunne.

"Don Allah, ko da Mama Waƙafi nake magana?"

Sunan ya zo mata kamar tsohuwar rigar da aka tsinta a ƙasan akwati.

Mai maganar ta ce ita ce injiniyar da aka ba aikin sabunta manhajar da ke sarrafa injinan tura ruwa na gari. Ta ce sun yi wata goma sha ɗaya suna rubuta sabuwa, sun kusa gamawa, amma akwai wani wuri a tsohuwar da ya gagare su fahimta. Sun tambayi kowa, kowa ya ce sai dai a nemi waɗanda suka rubuta.

"'Yata, abin da na rubuta shekara talatin da suka wuce? Ni da ko abin da na aiki yarinyar nan jiya ban tuna ba?"

"Ko kallo ne kawai ki zo ki yi mana, Mama. Zan turo mota."

Ta ce za ta yi tunani. Kafin ta gama wanke hannu ta riga ta san wace jaka za ta ɗauka.

Tana da shekara ashirin da biyu ta shiga gidan ruwa, kuma ba don kwamfuta aka ɗauke ta ba. Mai buga tafireta ce. A lokacin injiniyoyi da hannu suke rubuta umarnin da za a ba kwamfuta, a kan wasu takardu masu layi-layi, su tara mata a tire, ita kuma ta zauna ta shigar da su harafi bayan harafi. Ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Amma ido ba ya raina abin da yake gani kullum. Ta lura cewa kowane layi yana ƙarewa da 'yar alama, kuma in aka manta ta, na'urar sai ta yi tsaye ta ƙi komai, injiniyoyi su yini suna neman inda gizo ke saƙar. Sai ta fara mayar musu da takardunsu tun kafin ta buga.

"Malam, ka manta waƙafi a layi na sha biyu."

Wasu suka ji haushi, wasu suka yi dariya, sunan kuwa ya bi ta. Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da muhimmanci, wani injiniya da ake kira Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ɗakin kwamfuta. Wata rana ya ajiye mata wani littafi mai yagaggen bango a kan tebur, ya ce, "Tunda kin iya kama ɓarawo, gara ki san abin da yake sata." Daga nan kullum in aka fita hutun rana, shi da ita suna zaune da kofin shayi yana zana mata akwatuna da kibiyoyi a bayan tsoffin takardu: in tanki ya cika a yi kaza, in bai cika ba a koma nan. Cikin shekara uku ta daina buga na wasu, ta koma rubuta nata. Su biyun ne suka rubuta manhajar da ke tayar da injina shida, tana kashe su, tana lura da tankuna huɗu, har gari ya manta da lokacin da ake yin wannan aiki da wayar tarho da ihu.

Washegari motar ta sauke ta a ƙofar ginin. An yi masa sabon fenti, an sa gilashi a inda da katako ne, amma matakala ta uku tana nan da ɓallin gefenta. Ƙafarta ce ta tuna, ta tsallake wurin kafin idonta ya gani.

Injiniyar ta tarye ta a sama. Ba za ta wuce shekara talatin ba, siririya, mai saurin magana, da biro soke a gashin kanta. Ta ratsa da ita wani babban ɗaki cike da matasa, kowa da ƙaramar kwamfutarsa, rabinsu sun toshe kunne da abin sauraro. Suka miƙe suna gaishe ta. Ɗaya ya ce, "Au, ke ce Waƙafin da muke gani a cikin tsohuwar manhajar? Wallahi na ɗauka namiji ne." Na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

A gaban farin allo injiniyar ta yi mata bayani dalla-dalla. Sabuwar manhajar ta ci duk gwajin da aka yi mata a ofis. Da aka kai ta tashar tura ruwa da ke bayan gari, injina biyar suka yi aiki lafiya lau. Na huɗu ne kawai, da ya tashi sai bututu ya yi wata irin ƙara kamar an doka guduma, inji ya kashe kansa. Sau uku ana gwadawa. Da suka koma suka bi tsohuwar manhajar layi-layi, sai suka ga akwai wani umarni guda da suka tsallake da gangan: kafin a tayar da inji na huɗu, a tsaya sakan casa'in. Sauran injinan babu wannan jira, babu takardar da ta ambace shi, shi ya sa suka ɗauka tarkace ne irin wanda kan taru a tsohon aiki.

"To ku mayar da shi mana," in ji Waƙafi.

"Mun mayar, Mama. Inji ya daina mutuwa."

"To me ya rage?"

"Ban san dalili ba." Injiniyar ta zare biron daga kanta ta shiga juya shi. "Takardu sun ce bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya iri ɗaya ne a duka shidan, sakan goma yake buɗewa. Ma'aikatan tashar duk sababbi ne, babu wanda ya san komai. In na sa hannu a kan abin da ban gane ba, gobe wani zai zo ya goge shi kamar yadda muka goge. Kuma wa ya sani ko casa'in ɗin ma wata rana ba za ta isa ba?"

Waƙafi ta dube ta da kyau. Ta ji yarinyar ta kwanta mata a rai. "Ruwa ba ya tsami banza," ta ce. "Kai ni wurin tsohon."

Ɗakin kwamfutar yana ƙarshen baranda, inda yake tun asali. Ana buɗe ƙofa sanyin na'ura ya buge ta, da wannan wari na ƙura mai ɗumi da tsohuwar roba, da gunjin fanka da ba ta taɓa tsayawa ba. Sababbin na'urori sun cika bango ɗaya, baƙaƙe, suna ƙifta 'yan fitilu. Shi kuwa tsohon injin kwamfutar yana kusurwa, farinsa ya koma ruwan ƙasa, da allonsa mai kauri kamar akwatin talabijin na da. Kujerar ba ita ba ce, amma teburin shi ne. Ga ma zoben da gindin kofin Dogo ya bari a kan katakon, wanda ta yi shekara da shekaru tana masa faɗa a kai.

Ta zauna, ta gyara tabarau. Yatsunta suka sami wurinsu a kan madannai ba tare da ta umarce su ba. Korayen haruffa suka fara hawa allo, duk manya, don na'urar ba ta san ƙaramin baƙi ba.

A cikin rubutun manhaja akwai wurin da ake barin bayani a gefe, wanda kwamfuta ba ta karantawa, don mutane kawai ake yinsa. Ka'ida ita ce a rubuta abin da layin yake yi. Su kuwa sun mai da wurin dandalin hira. Tana gangarawa ta ci karo da nata:

DOGO YA CE WANNAN BA ZAI YI AIKI BA. YA YI.

A ƙasa da shi, da kwanan watan washegari:

SA'A CE. KO MAKAHO YAKAN TSINCI ALLURA.

Dariya ta kuɓuce mata har sai da ta dafe ƙirji. Injiniyar ta ce ai waɗannan duk sun haddace su, har akwai wanda ya buga ɗaya ya manna a jikin teburinsa. Suka ci gaba. KADA KA TAƁA WANNAN SAI KA SHA SHAYI. Can gaba: AN ƊAUKE WUTA SAU HUƊU YAU, WANNAN NE BUGU NA BIYAR. Ta tuna ranar sarai. Ta tuna yadda suke ajiye aiki a faifai biyu, ɗaya a durowa, ɗaya a jakarta, da yadda firinta ke kuka kamar ana tsaga gyale, da yadda suke shimfiɗa doguwar takardar a baranda su bi ta da rarrafe da jan biro, masinja yana tsallake su da tiren shayi. Ba ta san tana kewar waɗannan abubuwa ba. Da an tambaye ta jiya, da ta ce wahala ce kawai.

"Ga shi nan, Mama."

Layin gajere ne. Umarnin jira, lamba casa'in, sai bayani a gefe: A JIRA SANNU.

"Mun ɗauka yana nufin a jira a hankali," in ji injiniyar. "To amma yaya ake jira da sauri?"

Waƙafi ta duba kwanan watan da ke jikin layin, ta ƙirga da yatsu, ta jingina da kujera. "Ba hannuna ba ne. A watan nan ina gida, na haifi 'yata ta biyu. Wata uku ban leƙo ba. Wannan aikin Dogo ne."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"Kina da lambarsa?"

Ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. "Na san gidansa," ta ce.

Kwana biyu ta yi tana kewaye maganar. 'Yarta ta biyu, wadda take zaune tare da ita, ta gaji da ganinta tana buɗe durowa tana rufewa, ta ce, "Mama, wai bashin gaisuwa ne ya yi miki nauyi haka? Mutumin nan fa shi ya koya miki aiki."

"Shi ya sa," in ji ta.

Abin da ya shiga tsakaninsu ba wani babban abu ba ne, shi ya sa ma ya yi wuyar gyara. Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, wani tanki ya cika ya yi ta ambaliya har ruwa ya shiga shagunan da ke gangare. Dogo ya kwana uku yana neman kuskuren bai samu ba. Ita ta dawo daga wani kwas, ta zauna, cikin ɗan lokaci ta gano shi: a wani gyara da ya yi, ya sa alamar "ya fi" a inda ya kamata ya sa "ya kai ko ya fi". A taron da aka kira, manyan gidan ruwa suna zaune, shugaba ya tambaya ko laifin na'ura ne. Tana iya cewa an gano an gyara ta tsaya a nan. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Ba na'ura ba ce, ranka ya daɗe. Gyaran da Malam Dogo ya yi ne ranar Talata." Gaskiya ta faɗa. Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. Bayan wata biyu ya nemi a mai da shi sashen bututu, aka ba ta kujerarsa. Tun daga nan sai gaisuwa a matakala, daga baya ita ma ta ƙare. Da ta ji ciwo ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ta yi niyyar zuwa sau ba adadi. Kullum sai ta ce sai ta sami abin da za ta fara faɗa.

Rana ta uku da la'asar ta tsaya a ƙofar gidansa da ledar lemo a hannu da takardar da injiniyar ta buga mata layin nan a kai. Matarsa ce ta buɗe, ta tsufa, ta rame, amma muryar tana nan.

"Lale, lale! Yau wace rana! Ashe kina gari?"

"Ina nan, Yaya. Kunya ce ta riƙe ni."

"Kunyar me? Shigo, yana ciki yana faɗa da rediyo."

Yana zaune a kujera kusa da taga, bargo a kan gwiwa, hannun hagu a kwance a cinya kamar ba nasa ba. Tsawon nan duk ya tattare. Ya juyo ya daɗe yana kallonta, sannan gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Waƙafi," ya ce. Maganar tana fita a hankali, da ɗan nauyi. "Me na manta kuma?"

Duk jawabin da ta shirya a mota ya watse. Ta zauna a kan kujerar da matar ta jawo mata, ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ya ce jiki ya yi ritaya kafin a ba shi takarda. Sai ta miƙa masa takardar don ta rasa abin da za ta yi da hannunta. Ya karɓa da hannun dama, ya nisanta ta da ido, ya matso da ita.

"Yaran nan ne suka sake rubuta manhajar," ta ce. "Sun cire wannan, inji na huɗu ya dinga mutuwa. Sun ce wai me ake nufi da a jira a hankali."

Ya karanta. Kafaɗarsa ta fara rawa, ta tsorata ta ɗauka wani abu ne, ashe dariya ce. Ya yi ta yi har hawaye ya gangaro ta ido ɗaya, matarsa ta leƙo daga ƙofa.

"A hankali! Kai, yaran zamani. Ba a hankali ba ne. Mutum ne. Baba Sannu."

Ya ba ta labarin, yana tsayawa yana hutawa. Ita ba ta taɓa zuwa tashar bayan gari ba, shi ke zuwa. A can akwai wani dattijo mai kula da injina, wanda ƙarfe ya taɓa faɗo masa a ƙafa, yake tafiya yana jan ta. Kowa ya ce masa ya yi sauri sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, har sunan ya zama nasa. A lokacin bawul ɗin inji na huɗu da hannu ake murɗa shi, kuma yana can ƙarshen ɗaki, an sauka matakala shida. Da aka haɗa kwamfuta, sai ta riƙa kunna ƙararrawa ta tayar da inji nan take, kafin Baba Sannu ya ja ƙafa ya isa. Manajan tashar ya fara maganar a kawo mai jini a jika.

"Yana da 'ya'ya bakwai," in ji Dogo. "Saura shekara huɗu ya yi ritaya. Sai na je da agogo. Na ce, Baba, yi tafiyarka yadda ka saba, kada ka burge ni. Daga kujerarsa zuwa bawul, ya murɗe shi duka, sakan saba'in da biyar. Na ƙara masa sha biyar saboda ranar da ƙafar ta tashi da ciwo."

"Ba ka gaya wa kowa ba?"

"In gaya wa wa? In rubuta a takarda cewa gari zai jira gurgu? Da sun kore shi a ranar. Na bari kina hutun haihuwa na saka, don na san da kina nan sai kin tambaya."

Ta san da ta tambaya ɗin, kuma ba ta da tabbacin abin da za ta yi da amsar a wancan lokacin.

"To amma Malam, ai yanzu bawul ɗin da kansa yake buɗewa. Shi Baba Sannu…"

"Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa. Bari ki ji sauran." Ya gyara zama da ƙyar. Sai da aka yi shekaru da ritayar dattijon aka sayo bawul masu buɗe kansu da lantarki guda shida. A lokacin Dogo yana sashen bututu. Bututun inji na huɗu shi ne mafi tsufa a tashar, ya ga in aka sa masa mai saurin buɗewa zai iya fashewa. Sai ya sa aka musanya shi da wani mai buɗewa a hankali, mai ɗaukar fiye da minti ɗaya. Bai damu ba, don ya san manhaja tana jira. Takardar sayayya kuwa ba wanda ya koma ya gyara ta.

"Ka ga da ka rubuta," ta ce, muryarta ta koma irin ta da ba ta sani ba. "Layi biyu kawai. Yaran nan sun yi sati uku suna wahala."

"Ga ta nan," ya ce wa matarsa. "Minti ashirin da zuwanta."

Suka yi dariya su uku. Matar ta tafi ɗora shayi. Rediyo na ta magana ƙasa-ƙasa. Waƙafi ta dubi ledar lemon da ke gefen ƙafarta.

"Malam, ranar taron nan. Bai kamata in kira sunanka ba."

Ya ɗaga hannun dama kamar mai korar ƙuda. "Kuskurena ne. Ruwa ya shiga shagunan mutane. In ba ki faɗa ba ni zan faɗa, ina tattara ƙarfin hali ne kika riga ni." Ya numfasa. "Kin san abin da ya ƙona min rai? Kwana uku ina nema. Ke kika zo da jakarki a kafaɗa, ko zama ba ki gyara ba kika gani. Na koma gida na ce wa wannan, yarinyar ta wuce ni. Ya kamata in yi murna. Malamin kirki murna yake yi. Ni kuwa sai na kasa haɗa ido da ke. Na bar ki kina zaton fushi nake, don ya fi min sauƙi."

"Shekara ashirin da ɗaya, Malam."

"To, ni da ke duk ba mu da saurin gyara in ba a allo ba."

Ba ta bar gidan ba sai da rana ta yi ja. Sun bi mutanen da suka yi aiki tare ɗaya bayan ɗaya, wa ya rasu, wa ya koma wurin 'ya'yansa, wa ya buɗe shagon gyaran waya. Ya tambaye ta wane yaren kwamfuta yaran suke rubutu da shi yanzu, ta gaya masa, ya ce bai taɓa ji ba, kuma tabbas ba shi da kyau.

Da safe ta kira injiniyar. A ranar aka tura mutum tashar da agogo, ya auna: bawul na huɗu sakan sittin da takwas yake ɗauka. Injiniyar ba ta bar casa'in ɗin yadda take ba. Ta sa aka ɗaura wa bawul ɗin 'yar na'urar da ke sanar da manhaja cewa ya gama buɗewa, inji ba zai tashi ba sai ya ji daga gare ta. Aka gyara takardu. Sannan ta roƙi Waƙafi ta zauna da su su bi sauran tsohon rubutun tare, ko akwai wani abin da suka ɗauka tarkace ne. Sati shida tana zuwa duk Talata da Alhamis. Sun sami wurare biyu. Ɗaya ita ta tuna dalilinsa, ɗayan kuwa ta kai wa Dogo, ya duba ya duba ya ce wallahi shi ma bai sani ba, wataƙila yunwa yake ji ranar.

Da aka sa ranar kashe tsohuwar na'urar, injiniyar ta aika a gayyato shi, ta ce za a ɗauko shi da kujerarsa a hau da shi. Ya ce a gode mata, amma shi ba ya son a gan shi ana ɗauka kamar buhu a matakalar da ya yi shekara talatin yana hawa bibbiyu. Waƙafi ta je ita kaɗai.

Abin bai ɗauki minti ɗaya ba. Matasan suka taru a ƙofar ɗakin sanyi, wasu suna ɗaukar hoto da waya. Ta zauna, ta buga umarnin rufewa, na'urar ta tambaya ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Korayen haruffan suka tattaru suka zama ɗigo ɗaya a tsakiyar allo, ɗigon ya ɓace. Fankar ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Aka yi tafi. Wani ya leƙa babban allon da ke ofis ya ce injina shida duk suna aiki, tankuna suna cika. Injiniyar ta rungume ta, ta ce mota tana jira a kai ta gida.

Ta ce wa direban ya bi ta gidan Dogo tukuna.

Ta same shi a wurinsa na kullum, an yi masa aski, ya sa riga mai guga kamar mai shirin fita. Matarsa ta raɗa mata cewa tun safe ya sa aka kashe rediyo.

"An yi?" ya ce.

"An yi."

"Wa ya danna?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai. Ya juya yana kallon taga, inda wata mata ke shanya kaya a saman bene na gidan da ke fuskantarsu. Can ya ce, "Me za su yi da shi?"

"Sun ce za a kai sito."

"Sito ruwa yake zuba ta rufi. Tun zamaninmu."

"Zan gaya musu su ɗora shi a kan katako."

"Ki ce su rufe shi da leda."

Ta ciro waya daga jaka, ta nisanta ta da ido tana neman lambar injiniyar. Matarsa ta shigo da tire, ta ajiye kofi biyu a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu, ta tambayi Waƙafi ko cokali nawa na sukari take sha yanzu.